Dannawa Ɗaya Tak

A ofishinsu ba wanda yake kiransa da sunansa na gaskiya. Tukuna suke ce masa, saboda ba a taɓa kawo masa aiki a gurguje bai ɗaga hannu ya ce "tsaya tukuna" ba. Tun abin yana ba shi haushi har ya saba, har ta kai matarsa ma in tana jin tsokana da shi take kiransa.

Mahaifinsa mai gyaran tafireta ne, yana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, inda mutum biyu ba sa iya tsayuwa sai ɗaya ya karkace. A nan Tukuna ya tashi, cikin warin man inji da tawada. Da ofisoshi suka daina amfani da tafireta, tsohon bai daɗe ba shi ma ya bar duniya. Tukuna yana da shekara goma sha tara ya samu aiki a wani shagon intanet, a zamanin da hoto ɗaya kan buɗe daga sama zuwa ƙasa kamar ana sauke labule. In babu kwastoma sai ya zauna yana leƙa cikin shafuka, yana kwaikwayon yadda aka rubuta su. Ba wanda ya koya masa. Shi ya sa ko da ya ƙware, ɗabi'ar nan ba ta bar shi ba: duk shafin da ya gina sai ya gwada shi a kan kwamfuta mafi tsufa da ke ɗakin, in bai buɗe a nan ba, to a wurinsa aikin bai gamu ba.

Yayan matarsa ne ya buɗe kamfanin, Tukuna kuma shi ne ma'aikacinsa na farko. Suka fara da tebur biyu da fanka mai ƙara. Surukin nasa bai san komai a harkar rubuta manhaja ba, amma Allah ya ba shi baki. In ya fara magana sai ka sa hannu a takarda kafin ka tuna ka tambayi abin da ke cikinta. A gida Tukuna Yaya yake ce masa, a ofis kuma Yallaɓai. Cikin shekara goma sha ɗaya ma'aikata suka kai goma sha huɗu, aka koma hawa na uku a wani gini mai lifta, Yaya ya yi mota biyu, Tukuna yana nan a kujerarsa ta kusa da taga, da kofin shayinsa mai tsagaggen baki.

Babban aikinsu na wani asibitin wankin ƙoda ne. Injina goma sha takwas ne a asibitin, majinyata kuwa sun haura ɗari biyu, kowa da ranakunsa da sa'arsa, wasu sau biyu a mako, wasu sau uku. Tukuna ne ya gina musu shafin da ake tsara zaman. Kowane suna a jerin yana da ɗan rubutu shuɗi a gefensa, an rubuta "soke". In majinyaci ya yi tafiya ko an kwantar da shi a wani wuri, sai nas ta danna, zaman ya soku, saƙon tes ya tafi wayar mutumin, gurbin kuma a ba wani daga masu jira.

Wata safiya babbar nas ta bugo waya, muryarta kamar za ta fito ta cikin sifika.

"Malam, abinku ya mutu. Ina dannawa, ina dannawa, ko gezau."

Tukuna ya hau mota ya je. Bai yi minti goma ba ya gano abin. Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutocin asibitin a makon da ya wuce, mai kula da su ya tsorata, ya bi ya kashe sikirif a kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Sikirif kuwa shi ne ɗan umarnin da ke aiki a cikin burauzar mutum. Shi linki a karan kansa ba ya yin komai sai ɗauko shafi ya nuna maka. Sikirif ɗin ne yake tare dannawar, ya tambayi nas ko ta tabbata, sannan ya aika wa babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, wadda suke kira saba, cewa a soke. Da aka kashe shi, sai "soke" ya zama ado kawai.

Mai kula da kwamfutocin ya rantse ba zai kunna ba. "Ni aka kusa kora," in ji shi. "Ku nemi wata hanya."

Tukuna bai ga laifinsa ba. Ya koma ofis, ya kwana biyu a kan abin, ya fito da gyara mai tsafta. In an danna "soke", sai linkin ya kai mutum wani ɗan shafi mai ɗauke da sunan majinyacin da ranarsa, a ƙasa kuma ga maɓalli na gaske a cikin fom. Maɓallin ne yake aika umarni, ko da sikirif ko babu. Ya ji daɗin aikin har ya sayo wa 'yan ofis biskit.

Bayan kwana huɗu babbar nas ta sake kira, wannan karon ba shi ta kira ba, Yaya ta kira. Ta ce da dannawa ɗaya suke yi, yanzu sai biyu, ga intanet ɗinsu kamar hawainiya, ga mutane cike da baranda tun ƙarfe shida. Ta kuma ambaci cewa wani kamfani ya zo ya nuna musu nasa tsarin.

Yaya ya shigo ɗakin masu manhaja da makullin mota a hannu, bai ko zauna ba.

"Tukuna, cire wannan shafin na tsakiya. In an danna, ya soku. Shi ke nan."

"Yallaɓai, tsaya tukuna."

Aka yi dariya a ɗakin. Yaya bai yi ba.

"Linki ba a ɗora masa aiki irin wannan," in ji Tukuna. "Duk abin da ke yawo a intanet ya ɗauka buɗe linki ba ya ɓata komai. Ba mutum kaɗai ke buɗe shi ba. Akwai manhajojin da ke bin linki ɗaya bayan ɗaya, ba sa karatu, ba sa tambaya. In ɗaya ta faɗa cikin jerin nan…"

"Jerin da sai an sa kalmar sirri ake ganinsa? Wace manhaja ce ta san kalmar sirrin nas?"

"Yau babu. Ban san gobe ba."

"To ni yau nake magana. Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

"Iyawa kam, minti ashirin ne."

"To me muke jira? Kai matsalarka kenan, sai ka mai da ɗan abu ya zama wa'azi."

Bayan ya fita, Tukuna ya zauna ya rubuta masa imel, layi bakwai, ya bayyana abin da yake tsoro. Amsa ta zo kafin shayinsa ya huce: "Na gani. Yi yadda na ce." Ya karanta sau biyu. Sannan ya jawo allon rubutu ya yi. Minti ashirin ɗin ma bai cika ba. Babbar nas ta aiko da godiya, aka sabunta kwangila, ya manta da zancen, ko kuma ya koya wa kansa mantawa.

Wata bakwai aka yi lafiya. Sai asibitin ya yi sabon manaja, mutum mai son a ga ya zo da sauyi. Ya ji ana kukan jinkirin intanet, sai ya sa aka ɗora wa burauzar teburin karɓar baƙi wata manhajar ƙara sauri. Dabararta ita ce, da zarar an buɗe shafi, sai ta bi duk linkin da ke kansa ta buɗe su a ɓoye tun kafin a danna, don in an danna su fito nan take. Ranar wata Alhamis da rana, ma'aikaciyar teburin ta sa kalmar sirrinta, ta buɗe jerin mako mai zuwa, ta tashi ta je ɗauko fayil. Kafin ta dawo, manhajar ta bi "soke" ɗari biyu da goma sha biyu. Kowane ɗaya ya yi aikinsa daidai yadda Tukuna ya rubuta shi. Saƙo ya tafi wayoyi ɗari biyu da goma sha biyu: an soke zamanka, za a sanar da kai sabon lokaci.

Tukuna yana cin abinci a teburinsa kiran asibitin ya shigo. Ya ajiye cokali, ya buɗe bayanan saba, ya ga sokewar a jere, dukkansu cikin daƙiƙa tara. Ba sai an gaya masa ba.

Kafin yamma ya mayar da kowane zama gurbinsa, ya aika saƙo na biyu cewa na farkon kuskure ne. Amma wanda ya tafi ya riga ya tafi. Wasu sun taho asibitin a fusace, wasu na jerin jira sun zo da murnar sun samu gurbi, aka mai da su gida. Nas-nas suka raba lambobi suna kira. Mutum goma sha ɗaya ba a same su ba ranar. Zuwa Asabar saura ɗaya.

Wani tsohon direban bas ne, mazaunin can bayan gari. Ba ya karatu, maƙwabcinsa ne ya karanta masa saƙon farko. Wayar kuma ta faɗa ruwa washegari, kafin a karanta masa na biyun. Shi mutum ne mai bin doka, an ce a jira sabon lokaci, sai ya zauna yana jira. Ya tsallake zama biyu. Ranar Talatar makon da ya biyo baya aka kawo shi a kumbure, yana numfashi da ƙyar. Ya yi kwana shida, ya rasu. Likitoci suka ce dama zuciyarsa ta daɗe da rauni, ba a iya cewa ga takamaiman abin da ya kai shi.

Asibitin ya kira taro. A mota, a kan hanyar zuwa, Yaya ya kashe rediyo.

"Ka san in suka ɗora wa kamfani, mun tashi daga aiki. Mutum goma sha huɗu, kowa da iyalinsa. In kuma aka ce kuskuren mutum ɗaya ne, an hukunta shi, magana ta mutu."

Tukuna ya juya yana kallon titi.

"Wata uku kawai. Ka huta a gida, ƙura ta lafa, ka dawo kujerarka. Ni da kai ba ma haka, ai ka sani." Ya dube shi ta gefen ido. "Wancan imel ɗin, ba shi da amfani ga kowa yanzu."

Ashe bai manta ba. Wannan ne ya fi komai yi wa Tukuna ciwo a ranar.

Ɗakin taron yana da dogon tebur da robobin ruwa da ba wanda ya buɗe. Sabon manajan ya yi magana mai tsawo, bai ambaci manhajarsa ta sauri ba sai sau ɗaya, a gurguje. Babbar nas ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Yaya ya miƙe, ya daidaita murya, ya ce kamfaninsu yana da ƙa'idoji masu tsauri, amma wani ma'aikaci ya bi gajeriyar hanya ba tare da sanin shugabanni ba, kuma an riga an ɗauki mataki a kansa. Kowa ya juyo ya dubi Tukuna. Wayarsa mai ɗauke da imel ɗin tana aljihun gaba, yana jin nauyinta a ƙirjinsa. Likitan da ke shugabantar taron ya tambaye shi ko yana da abin cewa.

"Ni na rubuta shi," in ji Tukuna.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fito masa da sauƙi.

Da ya koma gida ya nuna wa matarsa imel ɗin. Tana tsaye a kicin ta karanta, ta goge hannu a zani, ta sake karantawa.

"Baban yara," ta ce, "da Baba ya rasu, Yaya ne ya bar makaranta ya riƙe mu. Ba na ce ya kyauta ba."

"Ban ce ki ce komai ba."

"To me ya sa ka nuna min?"

Wataƙila so yake a samu mutum ɗaya a duniya da ya sani. Ta mayar masa da wayar, ta juya ga tukunyarta, ya ga kafaɗunta suna rawa. Daga ranar ba su sake tayar da zancen ba, amma ta daina kiransa Tukuna.

Wata uku suka wuce. Ya kira Yaya, aka ce yana taro. Ya sake kira, Yaya ya ce asibitin sun sa sharaɗi, kada a ga hannunsa a aikinsu, a ƙara haƙuri. Wata shida, wata tara. Wani tsohon abokin aikinsa ya gaya masa an ɗauki wani a kujerarsa, kuma abin da sabon ya fara yi shi ne ya tono ɗan shafin nan na tsakiya daga tsofaffin fayiloli, ya mayar da shi yadda yake, ko harafi bai canza ba. Bayan shekara Yaya ya tsaya a wani taron masu harkar fasaha ya yi jawabi a kan kare bayanan majinyata, ya nuna shafin a babban allo, aka tafa masa. Abokin ya turo wa Tukuna bidiyon, yana ganin zai ji daɗi.

Ya nemi aiki a wurare tara. Harkar tasu ƙarama ce, kowa ya san kowa. A wuri na huɗu mai tambayar ya duba takardunsa ya ce, "Au, kai ne na asibitin nan?" Sauran ba su faɗa ba, amma ya gani a fuskokinsu. Daga na tara ya daina.

Akwai ranar da ya hau mota biyu ya je bayan gari, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan direban. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, an jingine tsohuwar tayar bas a bango an shuka barkono a cikinta. Matar marigayin tana wanki. Ya gaishe ta, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce shi ne wanda ya yi abin da ya aika wa mijinta saƙon nan. Ya fara bayani a kan linki da maɓalli, ya ji yadda maganar take fita ba kai ba gindi, ya yi shiru.

Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta dube shi.

"Ɗana, to yanzu me kake so in yi da wannan?"

"Ba komai, Mama. Na ga ya kamata ki sani."

"Na sani yanzu." Ta jawo wata rigar daga bokiti. "Kullum da asuba yake shiri, ya sa hularsa ya zauna, wai ko za a aiko. Ni nake ce masa ya tashi ya je ya tambaya, ya ce a'a, mutanen nan sun san aikinsu."

Ba ta kore shi ba, ba ta kuma ba shi wurin zama ba. Ya jima a tsugune har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ya yi mata sallama.

Yanzu shekara biyar kenan yana da shago a gefen wata babbar hanya, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Injin hoton takardu ɗaya, firinta biyu, kwamfuta uku. Yana cike wa mutane fom na neman aiki da na makaranta, yana buga musu takardu. Ya yi furfura a gefen kunne, ya rage magana. In shafin wata hukuma ya ƙi buɗewa, kwastoma na zagin intanet, shi ya san ainihin abin da aka yi ba daidai ba, amma ba ya cewa komai, sai ya sake gwadawa. A unguwar ba wanda ya san ya taɓa yin wani aiki da ya wuce wannan. Mai Fotokwafi suke ce masa. Shi da Yaya suna haɗuwa a gidan surukarsa, su gaisa, su tambayi yara.

A watan da ya wuce wata baƙar mota ta tsaya a bakin shagon. Yaya ya fito, ya yi ƙiba, yana tafiya yana dafa ƙugu. Ya jira har kwastoma biyu suka fita, sannan ya ja kujerar roba ya zauna.

"Shago ya yi kyau," in ji shi.

"Mun gode Allah, Yaya."

Yaya ya yi ta juya makulli a hannu. Daga baya ya fito da maganar. Tsarin asibitin ne ya fara haɗa mutum biyu a inji ɗaya a sa'a ɗaya. Sau uku kenan cikin mako biyu. Masu manhajarsa sun yi ta tono ba su gano ba, ɓangaren tsoho ne, ba wanda ya san cikinsa.

"Kai ka gina shi. Kai kaɗai za ka gane."

"Asibitin sun janye sharaɗin nasu ne?"

Yaya ya dubi ƙasa. "Ba sai sun sani ba. Ranar Lahadi ba kowa a ofis. Maigadi zai buɗe maka ta baya."

Tukuna ya dube shi da kyau. Shekara biyar yana tara maganganu saboda rana irin wannan, ya tsara su, ya gyara su a ransa sau ba adadi. Sai ya tambayi kansa wa zai kwana a baranda in an haɗa mutum biyu a inji ɗaya, ya san ba Yaya ba ne.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

Ranar Lahadi ya rufe shago da hantsi. Maigadin sabo ne, bai san shi ba, sai da ya kira Yaya a waya kafin ya buɗe ƙofar baya. Lifta a kashe take, ya hau matakala. An canza fentin ofishin, an sa kujeru masu juyawa. Ya zauna a teburin da aka bar masa a kunne, ya fara karanta abin da ya rubuta shekaru goma sha biyu da suka wuce, da abin da wasu suka ɗora a kai. Awa uku ya ɗauka. Wani ne ya canza yadda ake lissafa sa'a a wuri ɗaya ya manta da ɗayan. Ya gyara, ya gwada sau shida, ya rubuta bayani a takarda da manyan baƙaƙe don wanda zai zo Litinin, bai sa hannu ba.

Da zai fita maigadin ya tsayar da shi, ya ce ya buɗe jakarsa a duba, haka doka take ga baƙi. Ya buɗe masa. Tabarau ne a ciki da robar ruwa. Ya sauka ya tsaya a bakin titi yana jiran mota, ga rana ta take, ya tuna akwai wata mata da ya yi wa alkawarin buga mata takardu sittin kafin safiya, kuma tawadar firinta ta kusa ƙarewa.